Farar shadda da fuska a inuwa: yadda za ka sa kyamararka ta riƙe su duka a ranar Yamai

Tun da na saka hotunan wani ɗaurin aure da na ɗauka a Yantala, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa gare ni: yaya aka yi aikin wuyan rigar ango ya fito zare-zare, fuskarsa kuma ba ta nutse cikin duhu ba, alhali wajen ƙarfe 11 ne rana na bisa kai? Wasu har sun yanke hukunci cewa sabuwar kyamara na saya. Tsohuwar nan ce dai. Abin da ya sake shi ne yadda nake ciyar da ita haske.

Sansa, farantin nan da ke bayan gilashi wanda masu gyara ke ce wa kaftar, kamar miliyoyin ƙananan kwanoni ne da aka jera a tari ruwan sama. Kwanon da ya cika ya cika, ko kogin Isa ka ƙara masa ba za ka san nawa ya zuba ba. Wannan shi ne farin da ya ƙone. Wanda ya samu ɗigo biyu ko uku kuwa, ba ka rarrabe ruwan da dattin gindin kwano. Wannan shi ne tsakin da ke fitowa a inuwa. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita nake kira faɗin haske, kuma da hawa ake auna ta: hawa ɗaya sama, haske ya ninka biyu, hawa ɗaya ƙasa, ya ragu da rabi. Kyamarori masu kyau na yanzu sukan riƙe hawa 13 zuwa 14, tsofaffi kamar 11. Ba za ka iya ƙara wa kwanon zurfi ba, amma yawancinmu ko abin da muka biya kuɗinsa ba mu cinyewa.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga nan: inuwa ana iya tayar da ita daga baya, ƙonannen fari kuwa sai dai haƙuri.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Rabin aikin nan ba ya cin ko dala. Sauya saiti kyauta ne. Manhajar gyara ma akwai ta kyauta: Digital Photo Professional ga mai Canon, NX Studio ga mai Nikon, darktable da RawTherapee ga kowa. Lightroom ya fi sauƙin hannu, amma kuɗin wata-wata ne kuma sai da katin banki.

Abin da za ka saya, daga mai arha zuwa mai tsada: abin mayar da haske, famfon roba na hura ƙura, ƙarin katin memwar, ƙafa uku ta ɗora kyamara, filas na waje. Abin mayar da haske na farko da na yi aiki da shi, ledar azurfar nan ce da ake shimfiɗa wa gilashin mota don rana. Bai kai ni jaka uku ba. Kwalin firiji da aka lulluɓe da farin yadi ma yana yi, har ya fi laushin haske. Sabuwar kyamara ita ce ta ƙarshe a layi, kuma da yawa in kun bi matakan nan za ku ga ba ku da gaggawarta.

1. Ka koma RAW

JPEG dafaffen abinci ne. Kyamara ta riga ta sa gishirinta, ta zubar da abin da take ganin ba a buƙata, ta bar maka matakin haske 256 kacal a kowane launi. RAW kuwa ɗanyen abin da sansa ta kama ne: mai bit 12 yana da 4096, mai bit 14 yana da 16384. A wannan rarar ne zaren wuyan riga da ƙwayar idon da ke ƙarƙashin rawani suke ɓoye.

Ka shiga menu wajen ingancin hoto ka zaɓi RAW, ko RAW+JPEG in kana da masu son a tura musu nan take. In kyamararka tana ba da zaɓi tsakanin bit 12 da 14, kamar Nikon D7000 da na soma da ita, ka ɗauki 14.

*Hattara:* wasu kyamarori, musamman marasa madubi, sukan sauka zuwa bit 12 da kansu in ka sa ɗauka a jere da sauri ko ɗauka marar ƙara. Ba za su gaya maka ba. Don hoton ango da amarya a tsaye, ka koma ɗauka ɗaya-ɗaya.

*Hattara kuma:* fayil ɗin RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai mega 25 zuwa 30. Kati mai jiga 64 zai ɗauki wajen hoto 2000, mai 16 kuwa kafin a gama fatiha a kai amarya ya cika. Ka sayi kati a inda za ka iya mayarwa, don na jabu sun yi yawa, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar buki.

2. Ka sauko da ISO gindinsa

ISO shi ne saitin da ke ƙara wa hasken da sansa ta kama ƙarfi, ita kuwa tana ba da dukan faɗinta ne a ISO na asali. Ga yawancin Canon, Nikon da Sony 100 ne. Nikon D810 da D850 64 ne. Tsofaffin Fujifilm da Olympus 200. Duk lokacin da ka ninka ISO, kusan hawa ɗaya ka datse daga saman kwano. Wanda ya bar ISO 800 tun daren jiya ya fito rana da shi, ya zubar da hawa uku kafin ya danna komai. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani wajen yaran situdiyo, kuma ni ma na yi shi fiye da sau ɗaya. Yanzu duk safiya kafin in rataya jaka, ISO nake fara dubawa, kafin ma batir.

*Hattara:* kada ka ce tunda ƙasa ya fi, bari ka sauka zuwa L ko Lo 1, wato 50 ga mai asali 100. Wannan ba ISO na gaskiya ba ne. Kyamara tana cika kwanon ne fiye da kima sannan ta duhunta hoton, farinka kuma ya riga ya tafi.

Akwai wasu saituna da kamfanoni suka sa don wannan matsala. A Canon mai menu na Faransanci za ka ga Priorité hautes lumières, alamarsa D+; yana kare fari da kusan hawa ɗaya, amma ba ya barin ISO ya sauka ƙasa da 200, inuwa kuma tana ɗan ƙara tsaki. Nikon na da D-Lighting actif, Sony na da DRO, Fujifilm na da DR200 da DR400. Ga mai JPEG suna da amfani ƙwarai, ya kunna su. Ga mai RAW da ya iya awo, ni kashe su nake yi, don abin da suke yi a makance za ka yi shi da idonka a mataki na 4.

3. Ka gwada kyamararka, ka san iyakarta

Allon bayan kyamara maƙaryaci ne a rana. A tsakar gida da azahar komai duhu yake gani, sai ka ƙara haske ka ƙona hoto. Da dare komai ya yi maka kyau, sai ka je gida ka tarar da duhu. Abu biyu za ka amince da su: istogiram, zanen tudun nan da ke nuna duhu a hagu, haske a dama, da kuma gargaɗin ƙyaftawa da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya baƙi da fari. A ƙananan Canon irin su 600D, sai ka danna INFO har ƙaramin hoto ya fito tare da istogiram kafin ka ga ƙyaftawar. A Sony ka kunna Zebra.

Amma su ma daga JPEG ɗin da kyamara ta dafa suke karantawa, ba daga RAW ba. Don haka ka sa salon hoto a Neutre, ka rage kwantaras ɗinsa, sai su matso kusa da gaskiya. Sauran tazarar kuma kai za ka auna, sau ɗaya a rayuwar kyamarar:

Ka samo farar riga mai aiki, ka rataya ta a rana. Ka sa M, wato inda kai ke saita komai da hannu, ISO na asali, buɗin gilashi f/8. Ka fara da saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, wanda rigar ke fitowa toka-toka a kansa, ka ɗauka. Ka rage sauri da danni ɗaya, wato sulusin hawa, ka sake ɗauka. Ka ci gaba, ka rubuta lambar hoton da ƙyaftawa ta fara, ka ƙara shida bayansa. A kwamfuta ka buɗe su, ka ja haske ƙasa, ka duba a wane hoto zaren aikin ya ƙi dawowa. Yawanci za ka samu rarar rabin hawa zuwa hawa ɗaya bayan fara ƙyaftawa. Tawa danni biyu ce. Na uku kasada ne. Minti ashirin aikin zai ci maka, kuma daga ranar ka daina zato.

4. Ka auna daga fari, ba daga fuska ba

Ma'aunin kyamara ba ya san shadda, ba ya san mutum. Duk abin da ya gani so yake ya mai da shi toka-toka. In tanti mai duhu da fuskoki suka cika hoto, sai ya ƙara haske, farar rigar ta ƙone. Haka ta faru da ni a wani buki shekarun baya. Uwar ango ta juya hoton sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, ina aikin da ke wuyan rigar nan? Wata biyu fa mai ɗinki ya yi a kansa." Na ce, "Hajiya, rana ce." Ta ce, "Ranar ai kowa ta duka, amma mu mun gan shi." Ban samu ta cewa ba.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin. M, ISO na asali. Awo na tsaka, wanda menu ke kira spot. Ka ɗora ɗigon tsakiya a kan wurin da ya fi haske wanda kake son zarensa ya fito, kafaɗar rigar da rana ke duka misali. Ka juya sauri har allurar ma'auni ta tsaya a +2. Ka ɗauki gwaji, ka duba ƙyaftawa. Ba ta ƙyafta ba, ka ƙara haske danni ɗaya. Ta fara, ka tsaya iyakar rarar da ka auna a mataki na 3. Muddin rana ba ta sake ba, saitin nan ya zauna. Ba sai ka taɓa shi ba ko ango ya juya ko baƙi sun shigo.

Manufar ita ce tudun istogiram ya matsa dama iyakar iyawa ba tare da ya hau bango ba. Kada tsoron ƙonewa ya sa ka duhunta hoto hawa biyu ko uku "don kariya". Duk hasken da ka hana sansa, a fuska za ka biya shi da tsaki.

*Hattara:* ba kowace ƙyaftawa ce abin tsoro ba. Sheƙin sabuwar shadda, gilashin agogo, ƙarfen mota, zufa a goshi, waɗannan ƙyale su. In ka ce sai ka ceto su, hoton duka zai mutu. Tacen polarizan yana rage irin wannan sheƙi, amma yana cin hawa ɗaya da rabi zuwa biyu.

*Hattara:* jan leshi da ruwan goro na ƴan matan amarya sukan ƙone a launin ja kaɗai alhali istogiram na fari bai nuna komai ba. Ka kunna mai launi uku, ka sa ido a kan ja.

5. Ka rage tazarar tun a wurin

Nan ne asirin yake, kuma nan ne masu yawan karatun kyamara suke raina. Inuwar bango ko ta bedi ta fi rana duhu da kusan hawa uku. Cikin tanti ya fi haka. Farar riga kuma ta fi fatarmu mayar da haske da wasu hawa uku. Ka haɗa riga a rana da fuska a ƙarƙashin hula ko rawani, ka ga nisan da kake neman sansa ta tsallaka. Za ta iya, amma da nishi. Gara ka matso mata da gaɓar.

Mafi arha, ka motsa mutum. "Alhaji, don Allah taku biyu baya, ku shigo inuwa gaba ɗaya." Riga da fuska suka shiga haske ɗaya, rabin matsalar ta kau. Bakin ƙofar zaure ko bakin tanti, fuska na kallon waje, babu fitilar situdiyo da ta fi shi. Ka guji inuwar itace mai huda-huda, tana zuba wa fuska tabon rana. Ka kuma duba bayansa: in farin bango mai rana ne ko sararin sama, ka sake kusurwa.

In ba ya motsuwa, ka juya shi rana ta kasance a bayansa ko gefensa, yaronka ya tsaya gabansa da abin mayar da haske, ɗan gefe, daidai ƙirji zuwa sama. Mai azurfa da azahar yana kashe ido, mutum ya yi ta yamutsa fuska. Ka yi nesa da shi ko ka juya farin gefen. Kada a riƙe shi daga ƙasa sosai, hasken da ke tasowa daga haɓa yana mai da mutum kamar mai haska tocila a fuskarsa.

Sai filas da rana, wanda mutane ke dariya in sun gani. A rana tsaka, ISO 100 da 1/200 suna neman wajen f/11. Ba za ka wuce 1/200 ko 1/250 ba, don nan ne iyakar saurin da filas ke tafiya da yawancin kyamarori. Ka wuce, baƙin layi ya yanke hoton, sai dai filas mai HSS, wato mai iya bin babban sauri, shi kuma ƙarfinsa raguwa yake yi. A f/11, ƙaramin filas na kan kyamara bai wuce mita ɗaya da ɗan kai ba. Na waje mai ƙarfi yakan kai mita uku zuwa biyar. Don haka ka matso. Ka sa shi a TTL, inda kyamara ke auna masa ƙarfi da kanta, ka rage shi zuwa -1, don so ake ya buɗe inuwa, ba ya nuna kansa ba. In kana son baya ya narke, tacen ND8 yana rage hawa uku, ya kai ka daga f/11 zuwa f/4, nisan filas kuma bai sake ba.

*Hattara:* filas ba ya zaɓe, yana ƙara wa farar riga haske kamar yadda yake ƙara wa fuska. Bayan ka kunna shi, ka sake duba ƙyaftawa.

*Hattara:* tanti mai ja, shuɗi ko kore yana rina fuska. Ka ɗauki hoto ɗaya na farar takarda a ƙarƙashinsa, za ka gode wa kanka wajen gyara.

In kai ke zaɓar lokaci, kamar hoton kafin aure, ka ce da safe kafin 9 ko bayan la'asar sakaliya. A ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana a Yamai tsaye take cak bisa kai da tsakar rana, ido ya zama rami biyu. Hazon hunturu kuwa, duk da ƙurarsa, abokin mai hoton fuska ne, don yana tausasa rana kamar an shimfiɗa mata mayafi.

6. In abin ya fi ƙarfin hoto ɗaya, ka ɗauki uku

Faɗuwar rana a bakin kogi da jiragen masunta a gaba, ko cikin falo da taga a buɗe: nan ko wace kyamara ce sai ta bar wani abu. Ka kafa ƙafa uku. Ka sa Av ko A don buɗin gilashi ya tsaya wuri ɗaya, sauri kaɗai ya riƙa sakewa. Ka kunna AEB ko BKT, saitin da ke ɗaukar hoto uku masu haske daban-daban, a -2, 0, +2, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka kada ya girgiza ta. Mafi duhun ya kasance babu ƙyaftawa sai ƙwayar rana. Mafi hasken ya nuna cikin inuwa sarai. Nikon D3100 zuwa D3500 ba su da wannan saiti, sai ka yi da hannu a M: danni shida kowane gefe. Lightroom yana haɗa su ya daidaita ɗan motsi; darktable ma yana haɗawa, amma yana son hotunan da ba su gusa ba ko kaɗan.

*Hattara:* wannan ba na mutane ba ne. Duk abin da ya motsa tsakanin hotunan, ɗan kwale-kwale ko ganye, zai fito biyu-biyu kamar fatalwa. Kuma kusa da gada ko ginin hukuma, ka nemi izinin jami'an da ke wurin kafin ka kafa ƙafa uku.

7. Ƙura da zafi

Gilashi mai ƙura ko tabon yatsa yana watsa haske cikin inuwa, baƙi ya koma toka, hoton ya yi kamar an wanke shi. Ka hura, sannan ka goge da ƙyallen gilashi, ba da bakin riga ba. Ƙurarmu yashi ce, tana karce. Ka bar hular gilashi a kai kullum. Tacen UV mai arha in kana fuskantar rana, cire shi.

Don duba sansa, ka sa f/22 ka ɗauki sararin sama, ka faɗaɗa hoton. Ɗige-ɗigen da ke wuri ɗaya a kowane hoto, a kanta suke. Da cikakken batir, ka shiga tsaftacewa da hannu a menu, ka kifa kyamara bakinta ƙasa, ka hura da famfon roba ba tare da bakinsa ya shiga ciki ba. A ɗaki rufe, panka a kashe.

*Hattara:* ban da hurawa da baki, ban da auduga ta kunne, ban da iskar kwamfuresa ta mai faci. In batir ya mutu ana tsaka da aiki, madubi da labule za su rufo kan abin da ke ciki. Abin da ya ƙi fita da iska, a kai wa wanda ka ga aikinsa da idonka.

Zafi kuwa yana ƙara tsaki, musamman a doguwar ɗauka da bidiyo. A Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, kada ka bar ta cikin mota ko a baƙar jaka bisa babur a rana. Ka rage aiki da allon baya, ka kashe ta tsakanin ɗauka, ka yafa mata farin ƙyalle.

8. Da dare lissafin ya juya

A wajen kamu ko walima, ba ISO ne ke kawo tsaki ba, ƙarancin haske ne. Gilashin 18-55 da ke zuwa da kyamara f/5.6 yake a dogon gefensa, 50mm f/1.8 yana shigo da kusan ninki goma na wannan hasken. In kuɗinka na abu ɗaya ne, shi za ka saya kafin sabuwar kyamara. Ka buɗe gilashi, ka sauke sauri iyakar da mutane ba za su shafe ba, sannan ka ɗaga ISO ba tare da jin kunya ba. A tsofaffin Canon, ISO 1600 mai cikakken haske ya fi 400 da aka tayar a kwamfuta tsabta nesa ba kusa ba.

*Hattara:* wutarmu mai bugun 50 ce, fitilun LED da neyon suna ƙyaftawa da ita. Ka tsaya a 1/50 ko 1/100, ka kashe ɗauka marar ƙara, in ba haka ba layuka za su ratsa hoton.

9. Gyara, bi da bi

RAW yakan buɗe a dushe, kada gabanka ya faɗi. Tsarin da nake bi ke nan, kuma jerin yana da muhimmanci.

Launi da farko: ka ɗora ɗan bututun daidaita fari a kan takardar nan da ka ɗauka, ko a inuwar farar riga. Sai hasken gaba ɗaya, kana kallon fuska, ba riga ba. Sai ka ja manyan haske ƙasa har zaren aiki ya dawo, ka tsaya nan. Ka zarce, shadda ta koma toka kamar ta sha wanki goma. Sai inuwa sama kaɗan-kaɗan, kana duba hoton a faɗin 100%. Canon na kafin 2016, irin su 600D, 700D da 5D Mark II, sun wuce hawa biyu sai layuka da jan tsaki su fito. 80D da 5D Mark IV sun gyaru sosai, Nikon da Sony na tun wajen 2010 kuwa sukan jure uku zuwa huɗu daga ISO 100.

Maimakon ka tayar da inuwar hoto duka, ka ɗauki buroshi ka ƙara wa fuska kaɗai rabin hawa. Sannan ka mayar da baƙi wurinsa: hoto ba baƙi na gaskiya a cikinsa lami ne, kamar miya ba gishiri. Rage tsakin launi sosai, na haske kaɗan, don kada fata ta zama roba. Kaifi shi ne na ƙarshe.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu abokan sana'a ba za su so ba. Buɗe inuwar fuska daban, sauya wa mutum launi daban. Amarya wankan tarwaɗa ta fito wankan tarwaɗa, baƙa ta fito baƙa mai sheƙi. Na ga albam ɗin da dangi suka yi ta neman ɗiyarsu a ciki. In mai hoto ta roƙa da bakinta, wannan tsakaninku ne. Amma kada hannunka ya saba yi ba a tambaye ka ba.

*Hattara:* kada ka yi gyara da hasken allo a ƙure, ko a tsakar gida. Allon da ya cika haske yana sa ka fitar da hoto mai duhu, sai an wanko shi ka gani.

10. Miƙa aiki

Ka fitar da JPEG a tsarin launi na sRGB, inganci wajen 90. Don Facebook, dogon gefe fiksel 2048 ya isa. Don wanki a takarda 10 × 15, kada ya gaza 1200 × 1800. Babban firam kuwa ka ba da cikakken girma. Takarda ba ta da fitila a bayanta, don haka ka ɗan ƙara wa inuwa haske, ka wanko guda ɗaya gwaji kafin ka ba da ɗari biyu, ka kuma ce wa mai inji ya kashe gyaran kansa, don in ya bar shi zai sake ƙona farin da ka sha wahala a kansa.

In ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin dokima, ba a matsayin hoto ba, don kada ya matse shi sararin sama ya fito hawa-hawa. Fayilolin RAW kuma ka kwafe su wuri biyu kafin ka goge kati, ka bar su aƙalla har bukin suna. A nan ne dangin da ba su samu nasu ba suke tunawa da kai.